KAFIRETO MA YANA NUMFASHI

Wannan karo ba zancen iri ko taki muka kawo muku ba. Zancen babur ne, ba ma babur ɗin duka ba, sai 'yan siraran tiyon nan na roba da suke rataye a jikin kafireto, waɗanda yawancinmu ba mu taɓa durƙusawa mun dube su ba. Kuɗinsu bai kai na tiya ɗaya ta masara ba. Amma su ne sukan tsai da babur a tsakiyar hanya, su zubar da fetur, wani lokaci har su kashe injin ko su jawo gobara. Abu ɗaya muke so mu riƙe: kowane tiyo da aikinsa, wanda kuma aka bar bakinsa a buɗe, da gangan aka bar shi.

ABIN DA YA SAME MU

A ranin da ya wuce wata ƙungiya daga cikin ƙungiyoyinmu a ƙasar Kudan ta tsinke tumatir ɗin lambunta, kwando ya kusa arba'in. Ƙungiyar tana da tsohon babur guda, na kowa da kowa. Da shi ake ɗauko taki, da shi ake zuwa jin farashi, shi ne kuma motar asibiti in ciwo ya tashi da dare. Da asuba sakatare ya shirya zai tafi Hunkuyi neman motar da za ta kwashi kayan, gama a lokacin tumatir direba ba ya riƙe alkawarin waya, sai wanda ya zo da kuɗi a hannu. Kafin ya tashi ya ga fetur yana ɗiga ƙasa daga wani siririn tiyo.

Ya biya wurin masu gyara a bakin hanya. Maigidan bai fito ba tukuna, sai yaronsa. Yaron ya leƙa, ya ga tiyo biyu suna reto, bakinsu a buɗe, ɗaya yana zubar da mai. Ya ɗauka asali tiyo ɗaya ne ya tsinke. Ya sami bututun biro ya haɗa su. Ɗiga ta tsaya, kowa ya ji daɗi.

Ba a yi mil uku ba babur ya fara tari, ya yi baƙin hayaƙi, ya mutu. Sakatare ya yi ta buga kik har ƙafa ta gaji. Ya tura shi wani gida ya jingine, bai kuwa rufe famfon mai ba. Kafin ya kai Hunkuyi a ƙasa, motoci duk sun sami kaya. Tumatir ya kwana biyu a kwando, kun kuwa san abin da zafin Maris yake yi wa tumatir. Abin da aka samu da ƙyar ya mai da kuɗin mota da na kwanduna.

Da aka kai babur wurin maigidan, ya zare biron, ya kwance kofin kafireto, ya tarar da ɗan ɓarɓashin tsatsa a bakin allura. Shi ke nan asalin ciwon. Ya duba baƙin mai, ya ga ya ƙaru, ya tsinke kamar ruwa, yana warin fetur. Ya juya ya ce wa yaronsa, "Kai yaro, ka toshe masa hanci, ka toshe masa magudana, sa'an nan kana so ya yi gudu?"

Ba don mu kunyata yaron muka kawo labarin nan ba. Da yawa cikinmu da abin da za mu yi ke nan. Rashin sani ya fi dare duhu.

BABURAN DA KE HANNUNMU

Babur ya yawaita a ƙasar nan tun daga 1975, sa'ad da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji, malaman makaranta da malaman gona suka yi ta sayen Honda da Yamaha da Suzuki. A shekarar nan ce kuma kamfanin Honda na Japan ya fito da CG125, wanda ya ƙera musamman domin ƙasashen da hanya ba ta da kyau, gyara kuma ba kullum ba. Daga baya Jincheng da 'yan'uwansa suka zo daga ƙasar Sin, sa'an nan Bajaj Boxer daga Indiya. Daga Paki zuwa Gubuchi, daga Tashar Yari zuwa Likoro, su ne jakunanmu na yau. Su ke ɗaukar damin rake da buhun masara da galan ɗin man injin ban ruwa.

A Turai da Indiya yawancin sababbin babura sun bar kafireto, na'ura ce take fesa musu mai. A Indiya an yi wannan canji ne tun Afrilu 2020, da dokar hayaƙi ta tsananta. Amma tsofaffin da ke hannunmu kafireto suke da shi, ko na kamfanin Keihin, ko na Mikuni, ko kuwa wanda aka kwaikwaya daga gare su. Fasalinsu kusan ɗaya ne. Wanda ya gane ɗaya ya gane saura.

YADDA KAFIRETO YAKE AIKI

Aikin kafireto shi ne ya gauraya fetur da iska kafin su shiga injin. In za a auna da nauyi, kashi ɗaya na fetur yana bukatar wajen kashi 15 na iska. A gindinsa akwai ɗan kofi inda fetur yake zama. Cikin kofin akwai wani abu mai iyo, wanda kanikawa suke kira fulota, da 'yar allura a jikinsa. In mai ya cika zuwa iyakarsa, fulota ya taso ya tura allura ta rufe ƙofa. In mai ya ragu, fulota ya sauka, ƙofa ta buɗe. Can sama kuma akwai maƙogwaro inda iska take wucewa da gudu zuwa injin, tana jan mai daga kofi ta wata 'yar ƙofa da ake kira jet.

To, ga inda numfashi ya shigo. Ku tuna da gwangwanin madara. In aka huda shi wuri ɗaya, madara ba ta zuba sosai, sai ta yi ta tsayawa. In aka ƙara huji na biyu, sai ta zubo sumul. Hujin na biyu ba madara yake fitarwa ba, iska yake shigarwa. Haka kofin kafireto yake. Dole iskar da ke saman fetur ta zama tana da hanyar fita sa'ad da mai yake shigowa, da hanyar shiga sa'ad da injin yake jan mai. In aka toshe wannan hanya, ma'aunin duk ya rikice. Wani lokaci mai ya ƙi isa injin, wani lokaci ya kwarara masa fiye da kima.

Domin kada mu rikice, abin roba za mu kira shi tiyo, ɗan ƙarfen da ya fito daga jikin kafireto inda ake cusa tiyo kuwa mu kira shi bututu.

TIYO UKU NA KAN GABA

Na ɗaya, tiyon mai. Shi ne mafi kauri cikin ukun, faɗin raminsa yakan kama daga milimita 4 da rabi zuwa 6. Yana tasowa daga famfon mai da ke gindin tanki, mai rubutun ON da OFF da RES, ya sauko zuwa bututun da ke gefen kafireto, sama da kofi kaɗan. Babu abin da yake tura man nan sai nauyinsa. Saboda haka dole tiyon ya yi ta gangarowa, kada ya yi tsawo har ya yi lanƙwasa ya koma sama, kada kuma ya karye a kwana. In an sa 'yar matata a tsakiya, a duba kibiyar da ke jikinta, ta nuna wajen kafireto. A ɗaure kowane baki da kilif.

Na biyu, tiyon ambaliya. Yana fita daga can ƙarƙashin kofi. Cikin kofin akwai wani siririn bututun tagulla a tsaye, bakinsa ya ɗan ɗara iyakar da mai yake tsayawa. In allura ta kasa rufewa, mai ya haura, sai ya faɗa cikin wannan bututu ya bi tiyo ya zube ƙasa. Wato magudana ce, kamar indararon da ke kan soro. A yawancin kafireto, in aka kwance ɗan sukurun da ke gindin kofi domin a zubar da ruwa ko datti, ta nan ne kuma yake fita. Bakin wannan tiyo na ƙasa ba ya haɗuwa da kome.

Na uku, tiyon numfashi. Bututunsa yana sama, a jikin kafireto, sama da inda mai yake kaiwa. Wani kafireto yana da ɗaya, wani biyu, dama da hagu. Wani kuma ba shi da tiyo sam, ɗan huji ne kawai a jikinsa, ko kuwa hanya ce ta ciki. Aikinsa shi ne na hujin nan na biyu a gwangwanin madara. Shi ma bakinsa a buɗe yake, ba ya haɗuwa da kome.

Yanzu kun ga abin da yaron ya yi. Ya haɗa na biyu da na uku, kofi ya zama ba ƙofar iska, ba ta ambaliya. Allura kuwa tana nan a buɗe saboda tsatsa. Mai bai sami hanya ba sai ta jet, ya cika maƙogwaro, ya jiƙa fulogi. Da dare ya ci gaba da tsiyaya, ya bi gefen fistin ya sauka cikin baƙin mai. Baƙin man da ya sha fetur ba ya kare ƙarfe daga cin juna. Har ma in fetur ya taru a kan fistin da yawa aka buga kik da ƙarfi, sandar fistin tana iya lanƙwashewa, gama ruwa ba ya matsuwa kamar iska.

WAƊANDA DOLE SU KASANCE A RUFE

Kada a ce mun ce a bar kowane bututu a buɗe. Akwai biyu da in aka bar su a buɗe, ɓarna ce.

Wasu babura, musamman irin na mata da wasu na Suzuki da Yamaha, famfon mansu ba ya buɗewa sai injin ya tashi. Irin wannan famfo yakan zama da tiyo biyu, wani kuma za a ga rubutun PRI maimakon OFF. Siririn tiyon yana zuwa ne daga wani bututu da ke tsakanin kafireto da injin. Zuƙar injin ce take jan wata 'yar fatar roba cikin famfon, mai ya sauko. In wannan tiyo ya tsage ko ya fita, mai ba zai sauko ba, injin kuma zai sha iskar da ba a auna ba. In kun canza famfon kun sa na hannu, sai a toshe wannan bututu sarai. In kuwa kuka cire siririn tiyon kuka ga fetur a ciki, fatar ta huje, a canza ta.

Na biyu shi ne tiyon baƙin mai a baburan nan masu hayaƙi, waɗanda suke ƙona baƙin mai tare da fetur, irin su Suzuki A100 da Yamaha YB100 da Jincheng. Suna da ɗan tankin baƙin mai dabam, da ɗan famfo mai tura shi ta wani siririn tiyo zuwa mashigar injin. In ya fita ko ya toshe, injin zai yi ta gudu a bushe har ya buga. Mutane da yawa sun cire famfon, suna zuba baƙin mai cikin tankin fetur. Wanda ya yi haka, kada ya manta ya toshe bututun da tiyon ya bari, in ba haka ba iska da ƙura za su shiga ta nan kai tsaye.

Ga ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. Bututun da ya buɗe cikin kofi, na numfashi ko na ambaliya ne, a bar shi a buɗe. Bututun da ya buɗe cikin maƙogwaro ta wajen injin, ko dai yana da tiyonsa, ko kuwa a toshe shi.

MAƘWABTA UKU

Akwai wasu masu numfashi da ba na kafireto ba ne, amma akan rikita su da nasa.

Murfin tanki yana da ɗan huji. Wasunmu sukan shimfiɗa leda a bakin tanki kafin su rufe, wai don kada mai ya fantsamo ko ruwan sama ya shiga. Wannan leda tana toshe hujin. Babur zai yi tafiya kaɗan ya mutu kamar mai ya ƙare. In kuka buɗe murfi kuka ji iska ta shiga da ƙara, babur kuma ya tashi, to, kun sami ɓarawon.

Injin da baƙin mansa yake zaune a ciki, irin CG125 da Boxer, yana da tiyo mai kauri da yake fitar da tururin injin. Yakan tafi akwatin matatar iska, ko ya sauka ƙasa. Ba ya shiga kafireto. In aka toshe shi, baƙin mai zai fara tsattsafowa ta ko'ina.

Tsohon batir mai ruwa shi ma yana da siririn tiyo a gefe. Abin da yake fitarwa yana cin ƙarfe. Kada a haɗa shi da na kafireto, kada kuma bakinsa ya tsaya a kan sarƙa.

INA YA KAMATA SU BI?

1. Tiyon ambaliya ya gangara ƙasa ɗoɗar, ta bayan injin, gaban tayar baya. Yawancin babura suna da ɗan zoben waya ko maƙali a wurin, domin wannan aiki aka yi shi. Kada ya koma sama ko kaɗan, gama mai ba ya hawa tudu.

2. Bakinsa ya sauka ƙasa da injin kaɗan. Kada ya tsaya a kan salansa, ko sarƙa, ko inda zai jiƙa taya. Fetur a kan salansa mai zafi wuta ce. A kan sarƙa yana wanke mata mai. A kan taya kuwa santsi ne.

3. Tiyon numfashi shi ma ya bi bayan injin, bakinsa yana duban ƙasa, a inda iska take kwance. In aka bar shi yana fuskantar gaba ko ya fito gefe, iskar gudu za ta riƙa hura shi ko tana zuƙarsa, babur ya yi ta shaƙewa in an ja totur a kan titi.

4. Kada a yanke su gajeru. In an cire tiyon numfashi aka bar bututu tsirara, ƙurar hunturu da ruwan wanki za su shiga kofi kai tsaye. Kada kuma su yi tsawo har su riƙa jan ƙasa.

5. A yanke bakin a karkace, kamar yankan alƙalami. Laka ba ta saurin like irin wannan baki.

6. In za a ɗaure su a jikin ƙarfe, a ɗaure sako-sako. A duba kada kujera ko murfin gefe ko igiyar kaya su matse su.

Ga wata dabara domin masu ƙetare rafi da damina. Sau da yawa babur yakan mutu a tsakiyar ruwa, a ce fulogi ne ya jiƙe, alhali bakin tiyon numfashi ne ya nutse. Masu tseren babur a daji a ƙasashen waje sukan sa mahaɗi mai baki uku a tiyon numfashi. Reshe ɗaya ya sauka ƙasa yadda yake, ɗaya ya hau ƙarƙashin kujera, a lanƙwasa bakinsa ya dubi ƙasa. In na ƙasa ya nutse, na sama yana shan iska. Bakanike zai iya yi mana wannan. Amma fa na numfashi kaɗai, ban da na ambaliya.

ABOKAN GABA

Na fari shi ne zanzaro. Yana son ƙaramin rami domin ya yi ɗakinsa na laka, bakin tiyo kuwa daidai da shi. Babur ɗin da ya yi mako biyu a jingine a zaure ko gindin rumbu, a duba bakin tiyonsa kafin a hau. Na biyu, lakar damina da ta fadama. Na uku, zafin injin da na rana, masu busar da roba har ta tsage. Na huɗu, mugun mai. Ba mu manta da watan Fabrairu 2022 ba, sa'ad da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima, injuna suka yi ta lalacewa a ƙasar nan. Irin wannan mai yana cin roba. Man bakin hanya kuma yakan zo da ruwa da datti, su ne masu hana allura rufewa. A tace shi da tsabtataccen ƙyalle kafin ya shiga tanki.

Na biyar mu ne da kanmu. Mun ga masu sa robar ƙarin ruwa ta asibiti a madadin tiyon mai. Ba domin fetur aka yi ta ba, ba ta daɗewa sai ta sandare ta saki bututu. A sayi tiyon mai na ainihi.

IN MAI YANA ƊIGA

Ɗigar nan ba ita ce cutar ba, alama ce. Tiyon yana gaya mana akwai abin da ya lalace a ciki. Ga abin yi, bi da bi.

A rufe famfon mai. A ɗan ƙwanƙwasa kofi da gindin sukudireba, wataƙila fulota ne ya maƙale. A kwance sukurun gindin kofi, a bar man ya zube cikin gwangwani, a duba ko akwai ruwa ko tsatsa. A buɗe famfo kaɗan mai ya wanke bakin allura, a ɗaure sukurun da kyau, gama shi ma in ya yi sako-sako ta tiyon nan yake ɗiga. In ba ta tsaya ba, sai a kwance kofi. A duba kan allura ko ya cinye, a girgiza fulota a ji ko mai ya shiga cikinsa. In duk lafiya, a riƙe kofin a hannu a zuba masa fetur, kada ya kai bakin tsayayyen bututun nan. In ya ɗiga, bututun ne ya tsage.

Kada a raina ɗiga. In tana cika cokalin shayi, wato mililita 5, cikin minti 10, a kwana ɗaya ta zubar da mililita 720, a mako ta wuce lita 5. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai, kowa ya san abin da lita 5 take ci a aljihu. Rufe famfo duk sa'ad da aka ajiye babur ba ya cin ko kwabo.

IN TIYO DUK SUN ƁACE

Akan sayi tsohon babur a tarar ba tiyo ko ɗaya, ko an cusa su barkatai. Ga yadda za a gane bututun. A cire kafireto, a zubar da man ciki sarai. A sa sabon tiyo mai tsabta a bututun, a hura da baki. A hura kawai, kada a zuƙa.

In iska tana wucewa sa'ad da kafireto yake tsaye, amma da aka kifa shi ta tsaya, wannan bututun mai ne, allura kuma tana da lafiya. In iska tana shiga kofi ko a tsaye ko a kife, bututun kuma yana sama, na numfashi ne. Wanda ke ƙarƙashin kofi na ambaliya ne. Wanda iskarsa ta fito cikin maƙogwaro ta wajen injin, na zuƙa ne ko na baƙin mai. In an mai da kafireto an ta da injin, aka sa yatsa a bakinsa, za a ji yana ja.

Fulogi ma shaida ne. In ya yi baƙi ƙirin, mai ya yi yawa, a duba numfashi da allura da matatar iska. In ya yi fari fat, injin yana zafi, silo kuma yana hawa ya ƙi sauka, iska tana shiga ta inda bai kamata ba.

SHAWARA GA ƘUNGIYOYI

Kayan kowa da kowa shi yakan rasa mai duba shi. Saboda haka muna ba da shawara haka.

Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya mai kula da babur, da ɗan littafin da zai riƙa rubuta gyara. Ma'aji ya sayi tiyon mai na ainihi mita ɗaya, da siriri mita ɗaya, da kilif kaɗan, a ajiye. In babu a kasuwar Makarfi ko ta Ikara, mai zuwa Sabon Garin Zariya ya riƙo.

A duba tiyo duka sau uku a shekara: kafin ruwa ya sauka, bayan kaka, da tsakiyar hunturu. A matsa kowanne da yatsa. Wanda ya sandare ko ya tsage, a canza. A cire na numfashi da na ambaliya a hura, a tabbata iska tana wucewa.

Kafin a kwance kafireto, a ɗauki hotonsa da waya ta dama da hagu, ko a zana a takarda. In an kai gyara, a tsaya a gani. Ba raini ba ne mutum ya tambayi bakanike, "Maigida, wannan tiyon ina ya nufa?" Bakanike na kirki zai ji daɗin tambayar.

Babur ɗin da za a ajiye fiye da wata guda, a rufe famfo, a zubar da man kofi. Haka kuma injin ban ruwa in aikin lambu ya ƙare, gama kafiretonsa ɗan'uwan na babur ne, da kofi da fulota da ƙofar numfashi.

Kada a ajiye babur mai ɗiga kusa da murhu, ko fitilar kananzir, ko wurin dahuwar mazarƙwaila. Kada a kwance kafireto ana shan taba. In wuta ta kama, yashi ko ƙasa za a zuba, ba ruwa ba, gama fetur yana hawa kan ruwa ya bazu.

Ƙungiyar nan ta ƙasar Kudan ta canza baƙin mai, ta wanke tanki, ta sa 'yar matata. Babur yana nan yana aiki, tiyonsa biyu suna reto a bayan injin, ba mai taɓa su. Yaron ma, mun ji yanzu shi yake hana wasu ɗaurewa.

Muna roƙon shugabanni su karanta wannan a taron ƙungiya na gaba, a fito da babur tsakar fili, kowa ya durƙusa ya nuna tiyon mai, da na ambaliya, da na numfashi da yatsansa. Gani ya kori ji. Wanda yake da tambaya ya ba sakatarensa ya aiko mana. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.